Shayin Kamfani da Keken Taubashina

Rana ɗaya aka haife mu ni da taubashina, a lungu ɗaya cikin Kabara, gida na kallon gida. Mahaifiyata da mahaifinsa ciki ɗaya suka fito. Ungozoma ɗaya ce ta karɓe mu, wata tsohuwa mai wayon tsiya, Allah ya jiƙanta. Ta shiga gidanmu ta ce wa innata nata ne ya riga saukowa, ta karɓi tukuici. Ta tsallaka gidansu ta faɗa wa tasa uwar haka, ta sake karɓa. Har ta koma ga Allah ba ta warware ba. Tun daga nan muke shari'ar wane ne babba, ga shi furfura ta fara cin gemu ba a yanke hukunci ba. In muka haɗu a ƙofar masallaci ba mai fara gaida wani, sai mu tsaya muna kallon juna kamar zakaru biyu har a tada iƙama.

Ni turare nake sayarwa a wajen Ƙofar Nassarawa. Shi kuwa tela ne, a zauren gidansu yake aiki, da keken da ya gada wurin mahaifinsa. Baƙin keke ne na takawa da ƙafa, ya girme mu duka biyun, wannan kam ba gardama. Ba ruwansa da wutar lantarki. In aka ɗauke wuta cikin azumi, telolin zamani suka zauna suna fifita da kwali, shi sai ka ji nasa yana ta ɓaɓatu kamar tsohuwar da aka taka wa shanya. Rabin mazan unguwarmu in ka juya rigunansu za ka ga zaren keken nan. Da shi ake cefane a gidan, da shi ake biyan kuɗin makaranta, da shi ya aurar da 'yarsa ta fari.

To, wata shekara sai wata Hajiya daga bayan Ƙofar Kabuga ta kawo masa ɗinkin mai gidanta. Ta kawo ɗinki, ta tafi da telan. Kafin ya gama auna wuyan riga ta gama auna shi. Da yamma ya zo majalisarmu da wata koriyar jaka a hammata, yana tafiya kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Abin da ya bayyana mana shi ne, wani kamfani ne mai yin shayin ganye da sabulu da man goge baki. Za ka biya kuɗin rijista a ba ka kwalin kaya. Sai ka kawo mutane su yi rijista a ƙarƙashinka, su ma su kawo nasu. Duk abin da na ƙasa ya saya, wani ɗan abu zai ɗigo wa na sama. Sharaɗi ɗaya ne: kowane wata sai ka sayi kwali, in ba haka ba gurbinka ya mutu. Shayin kuwa, a faɗarsa, yana maganin hawan jini da saukarsa, yana sa ƙiba yana kuma ragewa, ya danganta da niyyarka. Na tambaye shi ko yana maganin ƙaramin yaro mai musun girma. Ya ce in sha in gani.

A gidajenmu na cikin gari ba a fara sabga sai an sanar da babba. Babban gidansu shi ne wan mahaifinsa, wanda ni kawuna ne, amma duk unguwa Baba muke ce masa. Kullum yana zaune a kan buzunsa a bakin zaure, da carbi da 'yar rediyo. Ina wurin taubashina ya durƙusa ya zayyana masa komai, har ya ƙara da cewa yana so Baba ya zama na farkon da zai shiga, don albarka. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi tambaya ɗaya.

"To ni a ina zan zauna a cikin abin?"

"A ƙarƙashina, Baba."

Baba ya rage muryar rediyo. Ya dube shi tun daga hula har silifa.

"Ƙarƙashinka," in ji shi. "Ni da na riƙe ƙafar ragon sunanka."

Ya mayar da rediyo yadda take. Taubashina ya tashi gumi na tsiyaya masa kamar an matse soso.

Da wani ne, da ya bar maganar a nan. Amma shi ɗan gidan tarbiyya ne, sai ya nemi gyara. Ya koma wurin Hajiya ya ce a ɗora Baba a samansa. Ta ce tsarin ba ya karɓar haka, wanda ya riga shiga shi ne sama, ko da jiya aka yaye shi. Hanya ɗaya ce: a yi wa Baba rijista a ƙarƙashinta, shi kuma ya sake sabuwa a ƙarƙashin Baba. Ya biya ta Baba, ya biya tasa ta biyu. Hajiya ta ce tun da take ba ta taɓa ganin ladabi irin wannan ba, har da ƙwalla. Ni ma da ni ne ita da na yi ƙwallar.

Ba a yi nisa ba labari ya kai kunnen yayansa, wanda ke sayar da takalma. Ya aiko a tambaya ko shi an cire shi daga gidan ne. Aka sake lale. Yaya a ƙarƙashin Baba, tela a ƙarƙashin Yaya, rijista ta uku. Na rantse da kakanmu na raye da sai an sake ta huɗu. Mutumin da ya kawo abin gidan ya wayi gari shi ne tabarmar kowa.

Kuma tunda shi ya jawo su, ai ba zai buɗe baki ya ce Baba ya kawo kuɗin kwalin wata ba. Shi ke saya wa Baba, shi ke saya wa Yaya, shi ke saya wa kansa. Ƙarshen wata sai wayar Baba ta yi ƙara, ɗan abin da ya ɗigo ya shigo. Baba ya yi ta sa wa kamfani albarka. Ya ce mutanen kirki ne, bai taɓa ganinsu ba, bai yi musu aikin komai ba, amma ba sa manta shi da na goro. Ba wanda ya iya gaya masa cewa goron nan daga ƙafar keken ɗinkin da ke bayansa ya fito, ya je yawo har inda Allah ya sani, aka yashe shi a hanya, ɓurɓushin ya dawo.

Saura sayar da kayan. Nan ne na matso da kujerata, don ni ɗan kasuwa ne, ina son ganin yadda haja ke tafiya. Haja ba ta tafi ba. Wato ta tafi, kuɗin ne bai zo ba. A lungunmu kowa ɗan'uwan kowa ne. In gwaggo ta ce ƙafarta na ciwo, ga ka da shayin da ka rantse yana maganin ƙafa, da wane bakin za ka faɗa mata farashi? Dubiya za ka je, ka ajiye mata, ta ce Allah ya yi albarka. Dattijo ya ce kawo in gani, to ya gani ke nan, ba ya dawowa. Baƙon da ba dangi ba kuwa, in ya ji kuɗin kwali ɗaya sai ya ce shi shayi ya tambaya, ba fili ba. Ya taya da abin da zai ba mai shayin bakin titi, har da biredi, sannan ya nemi gyara. Taubashina ya tara albarka da ta isa ta kai shi aljanna ba tare da tsayawa a hanya ba, amma ba ta sayen zare.

Waɗanda suka fi shi ƙuruciya, waɗanda zai iya sawa a ƙasansa ba tare da an rage muryar rediyo ba, tuni wasu suka kwashe su. Abin ya shiga unguwa kamar ruwan sama a rufin da ya tsufa. Mai wankin hula yana ciki, mai kitso tana ciki, matar liman an ce tana da mutane har Ɗorayi. Ka yi wa mutum sallama, kafin ya amsa ya zuge jaka. Kowa mai sayarwa ne. Na duba gabas na duba yamma, sai na tarar a duk lungun saura ni kaɗai ban shiga ba.

Jama'a, ban taɓa sanin ina da farin jini haka ba. Wanda rabona da shi tun makarantar allo ya zo tambayar lafiyar iyalina ɗaya bayan ɗaya. Aka fara aiko min da ɗan wake da safe, alkubus da rana. Wani ya ɗauke ni a babur kyauta har bakin teburina, ya kuma jira ya ga na zauna lafiya. Na yi ƙiba har maɓallin riga ya fara neman agaji. Ban ce a'a ba, ban ce i ba. Kullum ina nazari.

Kuma da gaske nazarin nake, don abin ya ɗaure min kai. Sai na bi taubashina taronsu na ranar Asabar a wani ɗakin taro da ke bayan Kabuga, don gani ya kori ji. An cika maƙil. Wani saurayi sanye da kwat a cikin zafin da ke narka kwalta yana ta kai-komo da makirfo, yana nuna hoton mota, yana nuna hoton wani gida mai bene da ruwa a gabansa. Aka kira masu matakin azurfa aka yi tafi, aka kira na zinare aka yi tafi, aka ce akwai na lu'ulu'u amma yana ƙasar waje, shi ma aka tafa masa a bayan idonsa. Na yi tafi har tafin hannuna ya yi laushi. Abin da na lura shi ne, tun da aka fara ba wanda ya sha shayi, ba wanda ya yi maganar wanda ke sha. Da aka ba da damar tambaya na ɗaga hannu na ce ni baƙo ne, ina so in san su wa ke shan shayin, tunda duk wanda na sani sayarwa yake.

Saurayin ya yi murmushi irin na likitan da ya ga cutar da ya saba gani.

"Alhaji, ai ba shayi muke sayarwa ba. Dama muke sayarwa."

Aka yi tafi. Taubashina ya taka min ƙafa.

Amma ni amsar ta gamsar da ni fiye da yadda saurayin ya so. Washegari da hantsi, kasuwa ba ta buɗe ba, na sayi gyaɗa na baje a kan teburina. Na ajiye ƙwaya ɗaya, na ce wannan Hajiya ce. Na jera 'yan kaɗan a ƙasanta. Kowace a cikinsu na jera mata nata 'yan kaɗan. Kafin in yi wani nisa tebur ya cika, gyaɗa ta ƙare, na ture kwalaben turare na ci gaba da tsakuwa. Na ga in aka bi haka, ba a jima ba Kano za ta ƙare, a shiga Katsina da Zariya, a tsallaka Nijar, daga nan sai dai a nemi aljanun tsamiya su kawo hoton fasfo. Kuma ko a ina aka tsaya, layin ƙarshe shi ne ya fi kowane yawa, shi ne kuma ba kowa a ƙasansa. Su ne masu shan shayin da nake nema, ko sun sha ko sun jibge a ƙarƙashin gado. Na daɗe ina kallon layin nan. Na ɗauki ƙwaya ɗaya daga cikinsa wadda ta fi kama da taubashina, 'yar ƙanƙanuwa mai taurin kai, na cinye.

Ana saura kaɗan a kama azumi na biya ta zauren su taubashina, sai na tarar da dillali. Ya durƙusa yana juya ƙafar keken, yana leƙa cikinsa kamar mai duba haƙoran rago. A bayan keken kwalayen shayi sun hau har sun kusa taɓa azara. Da dillalin ya fita na tambayi abin da ke faruwa. Taubashina ya ce Hajiya ta duba masa, saura ƙiris ya taka matakin zinare. In ya zuba kaya masu yawa a wannan watan, ya kuma raya gurabun Baba da Yaya, shi ke nan ya haye. Keke kuwa ai in zinare ya zo zai sayi na lantarki ko guda nawa yake so.

Na ce masa azumi ne fa a bakin ƙofa, watan da tela ke noman shekararsa. Na ba shi labarin gyaɗa. Na ce ya nuna min mutum ɗaya a lungun nan da ya ci ribar da ta wuce abin da ya zuba, ban da Baba. Ya yi dariya ya ce hassadar yara ce. Matsalar mai barkwanci ke nan. Ka shekara arba'in kana zolayar mutum, ranar da ka zo da gaskiya sai ya tsaya jiran inda dariyar take. Dillali zai dawo da mai saye bayan sallar Juma'a.

Na koma teburina ina tunanin abin da nake da shi wanda zai fi zinare tsada a wurin mutumin nan. Kuɗi ba ni da su, kuma ko na ba shi shayi za su zama. Sai na tuna ina da abu ɗaya da yake nema tun muna rarrafe.

Ranar Alhamis bayan la'asar majalisa ta cika a ƙofar zauren Baba. Na zo, na gaida Baba, na gaida dattawa. Sannan na juya wurin taubashina, na tattare riga, na rusuna har gwiwata ta yi ƙara.

"Barka da yamma, Yaya."

Mai wankin hula ya saki hular da ke hannunsa. Taubashina ya waiga bayansa ya ga ko yayansa ne ya shigo.

"Da kai nake," na ce. "Na sakar maka, a gaban Baba da shaidu. Kai ka riga ni. Amma da sharaɗi: keken kawuna ba zai bar zauren nan ba sai an sauko daga idi. Bayan Sallah in ka ga dama ka sayar har da zauren."

Ya ce in maimaita ta farkon. Na maimaita. Ya ce bai ji ba, iska ta ɗauke. Na sake. Fuskarsa ta yi wani haske da ban gani ba ko a ranar aurensa. Ya miƙo hannu ya ce ya yarda, Baba shaida ne. Sai kuma idonsa ya faɗa kan koriyar jakarsa, dabara ta zo masa.

"To tunda ka san matsayinka, ƙanena, sai ka shigo ƙarƙashina."

"Da gudu ma, Yaya. Sai dai ka san al'adar gidan. Yaya shi ke yi wa ƙane ɗawainiya. Ka biya min rijista, ka riƙa saya min kwalin wata."

Majalisa ta tuntsire. Shi kansa sai da ya dara, amma dariyar ba ta yi tsawo ba. Na ga yana lissafi da ido. Ya sa manya a sama, shi ke biya. Ya samu ƙane a ƙasa, shi zai biya. Baba da bai san kan zancen ba ya ce ai haka zumunci yake, mai ƙarfi ya ɗauki na gaba da shi, ya ɗauki na baya da shi. Na ce a raina, shi ya sa abin nan bai zauna a gidanmu ba. A wurin 'yan kamfani ruwa sama kawai yake hawa.

Da dillali ya zo ranar Juma'a aka ba shi haƙuri da kwalin shayi.

Azumi ya kama, ɗinki ya rufe taubashina har ba a ganin hularsa. Yadi ta ko'ina, masu jiran kaya sun cika dakali. Hajiya ta yi ta kira, shi kuwa allura a baki, ƙafa a kan keke, sai ya ce a ce mata zai kira. Wata ya mutu, gurabun nan uku suka bi shi. Na zuba ido in ga abin da zai faru. Sama ba ta faɗo ba. Abin da ya faru kawai shi ne a karon farko cikin watanni kuɗin ɗinki ya kwana a aljihunsa. Bayan Sallah na jira in ji ya sake kiran dillali. Sai na ga ya sayo man keke da sabon bel.

Baba ne kawai ya yi ƙorafi. Ya ce mutanen kamfani sun canza hali, duniya ke nan. Yanzu taubashina da hannunsa yake kai masa na goro, ya fi na da yawa, amma Baba ya ce bai kai wancan daɗi ba, don wancan daga nesa yake zuwa.

Hajiya kuwa na daina jin haushinta ranar da na kai wa mai gidanta turare. Aka buɗe min ɗakin baƙi, na ga kwalaye har sun toshe taga. Ashe ita ma da wata a samanta mai kiran waya. Har yau ina son in san wane ne a can ƙololuwa, ko yana da kawu, kuma a ina ya ajiye shi.

Shayin mun sha shi a buɗe-baki, mun sha a suna, mun sha a ɗaurin aure. Ba laifi, in ka zuba citta da sukari da yawa yana kama da shayi. Har yanzu da saura.

Wadda ba ta yafe min ba ita ce innata. Da labari ya kai mata ta ce tukuicin da ta ba ungozoma ya tafi a banza, kuma ita ta san abin da ta sani. Ni kuwa kullum da safe in zan fita kasuwa sai na tsaya a bakin zaure na ce barka da asuba, Yaya. Ba ya amsawa nan take. Sai ya kai ƙarshen layin ɗinki, ya yanke zare da haƙori, ya ɗago a hankali ya ce, "Yaro, an tashi lafiya?" Ina haƙuri. Duk Sallah nakan je da sassafe in shimfiɗa masa hannu, don barka da Sallah haƙƙin ƙane ne, kuma ba na karɓar shayi.